Windows Server 2022 a kan sabuwar sabar: abin da ya yi kyau, abin da ke karyewa, da kuɗin da ba a faɗa da wuri

Ofishin da sabarsa ta shekara bakwai ko goma tana aiki, ranar da aka amince a sayi sabuwa tambaya ɗaya ce ke tasowa: a kwashe tsohon Windows yadda yake a mayar kan sabon ƙarfe, ko a canza duka biyu a lokaci guda? Yawancin masu wannan tambaya Windows Server 2012 R2 ko 2016 ne a hannunsu, kuma sabar ɗaya ce ke ɗauke da komai: sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, foldojin da ake rabawa, firintoci, da manhajar lissafin kuɗi ko ta rajistar marasa lafiya. Da idon irin wannan ofishi muka auna Windows Server 2022 Standard.

Hukuncinmu shi ne ya cancanta, kuma lokacin sayen sabuwar na'ura shi ne lokacin da ya fi dacewa a ɗora shi, domin tsohuwar tana nan a kunne, in abu ya ƙi sai a koma kanta. Amma akwai sharaɗi. A ɗora shi sabo fil a kan ƙarfen, kada a ba shi wani aiki sai Hyper-V, manhajar Windows da ke riƙe sabobi da yawa a cikin na'ura guda, sannan a kwaso ayyukan tsohuwar sabar ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin VM, wato sabar da ke zaune a cikin sabar. Wanda ya bi wata hanya daban yakan sha wahalar da ba laifin manhajar ba ce.

Kwanakin ƙarshe sun riga sun yanke rabin shawarar. Microsoft ya daina ba 2012 R2 facin tsaro na kyauta ranar 10 ga Oktoba, 2023. Na 2016 yana ƙarewa a Janairun 2027, na 2019 a Janairun 2029, na 2022 kuma a Oktoban 2031. Sabuwar sabar ana sayenta ne da niyyar ta yi shekara biyar ko fiye, don haka ɗora mata 2016 bai da ma'ana. Wanda ke kan 2019 kaɗai ne yake da hujjar cewa zai ɗan dakata, shi ma idan lasisinsa ba irin wanda ya zo manne da tsohuwar na'ura ba ne.

Sauran rabin kuma ƙarfen ne ke yanke shi. Dell PowerEdge na zamanin T350 da T550 da R750 zuwa sama, da HPE ProLiant Gen11, babu 2012 R2 a jerin tsarukan da masu ƙera su suka yarda da su. Ba a rubuta masa direban katin RAID ba, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ba a rubuta na katin netwok ba. Wanda ya kwafi faifan tsohuwar sabar ya zuba a sabuwa, abin da ya fi gani shi ne shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, saboda Windows ya tashi bai san katin da faifan ke bayansa ba. Ga kuma bambancin yadda ake tashi: tsofaffin da yawa BIOS da MBR aka ɗora su da shi, sababbin kuwa UEFI da GPT suke so, kuma MBR ba ya ganin abin da ya wuce terabait 2 a faifai guda. Ko an yi dabara ta tashi, ranar da ta samu matsala aka kira masu garanti, tsarin da ke kanta za su fara tambaya.

Masu sayen tokunbo su ma su duba wannan jeri kafin su biya. R740 da T440 suna cikin waɗanda Dell ya amince wa 2022, R730 ba ta ciki. Tana iya ɗauka ta yi aiki, amma ba da goyon bayan kamfanin ba.

Me ya sa 2022, alhali 2025 ya fito tun Nuwamban 2024? Dalilin yana cikin Active Directory, rajistar da ke riƙe sunayen ma'aikata da kwamfutocin ofis a rukuni guda da ake kira domen, sabar da ke riƙe da rajistar kuma ita ce mai kula da domen. Ba a iya ƙara mai kula da domen na 2025 sai matakin domen da na forest, wato rukunin domen-domen, sun kai 2016, kuma ba a ɗaga matakin zuwa can muddin akwai 2012 R2 yana kula da domen. Shi kuwa 2022 yana shiga domen da matakinsa ya kai 2008. Ga wanda ke fitowa daga 2012 R2, 2022 ne matakalar da ba ya iya tsallakewa cikin sauƙi. Abin da muke ba da shawara shi ne a sayi lasisin 2025 idan shi dila ke da shi, a yi amfani da haƙƙin komawa tsohuwar siga a ɗora 2022, daga baya a hau 2025 ba tare da an sake sayen lasisin sabar ba. Sai dai a tambayi dila tun kafin biya ko zai ba da faifai da makullin 2022, wato lambar kunna shi, musamman idan lasisin tare da na'urar ya zo.

Lasisi, inda kasafi ke fashewa

A nan ne 2022 ya fi ba mutane haushi, kuma da gaskiyarsu. A zamanin 2012 R2 lasisin Standard guda yana rufe furosesa biyu. Tun daga 2016 ƙwayoyin cikin furosesa ake ƙirgawa, mafi ƙaranci 16 ga kowace sabar, 8 ga kowane furosesa. Sabar mai furosesa ɗaya da ƙwaya 8, kuɗin 16 za ka biya. Mai furosesa biyu kowane da ƙwaya 12, 24 ke nan, wato ƙunshin 16 ɗaya da ƙunshin 2 guda huɗu. Saboda haka kada dila ya ruɗe ka da furosesa mai ƙwayoyi masu yawa. Ofis mai mutum talatin ko hamsin, furosesa ɗaya mai ƙwaya 8 zuwa 16 ya ishe shi, kuɗin da ya rage a sa shi a RAM da SSD.

Standard yana ba ka damar VM biyu masu Windows Server, da sharaɗin cewa Windows na kan ƙarfen ba ya wani aiki sai riƙe su. Kana son huɗu, sai ka sake biyan dukkan ƙwayoyin a karo na biyu. Lasisin Datacenter ba shi da iyakar VM, amma farashinsa ya ninka na Standard sau da dama, ba na ƙaramin ofis ba ne.

Sai CAL, lasisin da kowane mai shiga sabar yake buƙata. CAL na 2012 ba ya shiga 2022, dole a sayi sabo, kuma mutane da yawa sai bayan an kawo na'ura suke jin wannan labari. Iri biyu ne, na mutum da na na'ura. Asibitin da ma'aikata arba'in ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta goma sha biyar, na na'ura ya fi masa sauƙi. Ofishin da kowa ke da tebur da laftof, na mutum ya fi. Masu shiga ta Remote Desktop su yi aiki a cikin sabar kuma suna da nasu CAL ɗin daban a kan wannan. Akwai Essentials 2022 da ba ya buƙatar CAL, amma iyakarsa mutum 25 da na'ura 50, furosesa ɗaya mai ƙwaya 10, kuma tare da sabuwar sabar kaɗai ake sayar da shi.

Tsohon lasisin fa? Idan OEM ne, wanda ya zo da sitika a jikin tsohuwar na'ura, tare da ita yake mutuwa, ba a ɗauke shi. Game da makullan da ake tallatawa a intanet a kan kuɗin da bai kai na katin waya na wata ba, araha ba ta ado. Makulli ya kunna Windows ba shi ne shaidar mallakar lasisi ba. Manhajojin fasa lasisi kuwa, bai kamata a kusantar da su ga na'urar da ke riƙe da kalmomin sirrin ofis gaba ɗaya ba.

Wani tarko da ya kamata a sani: sigar gwaji ta kwana 180 da ake saukewa kyauta. In wa'adin ya cika, sabar za ta riƙa kashe kanta kusan kowace awa. Ana mayar da ita cikakkiya da umarnin DISM /online /Set-Edition:ServerStandard tare da makulli, amma wannan ba ya yiwuwa a kan sabar da aka riga aka mayar mai kula da domen. A juya ta tukuna, sannan a ba ta Active Directory.

Ɗorawa

Wannan ɓangare bai da wahala. A sabunta BIOS da iDRAC ko iLO, wato manhajar kula da sabar daga nesa ta Dell ko ta HPE, da manhajar katin RAID kafin komai. SSD biyu na gigabait 480 a RAID 1 domin tsarin aiki, bayanai kuma a RAID 10, ko RAID 6 idan faifan manya ne kuma ana son wuri. RAM gigabait 32 shi ne mafi ƙarancin da za mu yarda da shi: a bar wa mai masauki, wato Windows na kan ƙarfen, 4, VM na domen 4 da furosesa biyu da faifan gigabait 80, ragowar ga VM na fayiloli da rumbun bayanai. Wurin zaɓen siga a lura, wadda aka rubuta wa Desktop Experience ita ce mai allo da linzami. Tun daga 2016 ba a sauyawa tsakaninta da Core, sigar da ake sarrafawa da umarnin rubutu, bayan an ɗora, sai dai a goge a sake.

Abu biyu na netwok suna kama waɗanda suka saba da tsohon Hyper-V. Na farko, haɗa katunan netwok ta tsohuwar hanyar NIC Teaming sannan a ɗora mata switch na Hyper-V, 2022 ya toshe wannan. Yanzu da PowerShell ake yi, New-VMSwitch tare da -EnableEmbeddedTeaming $true. Na biyu, katunan Broadcom masu gudun gigabit ɗaya sun daɗe da sanin matsalar VMQ, inda VM ke jan ƙafa a netwok ko ta yanke gaba ɗaya alhali mai masaukin lafiyarsa ƙalau. A sabunta direban, in bai daina ba a kashe shi da Disable-NetAdapterVmq.

Inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, ana sauyawa tsakanin NEPA da janareto da sola, katin RAID mai batir ba ado ba ne. Shi ke riƙe abin da ake cikin rubutawa lokacin da wuta ta yanke. A haɗa da UPS mai magana da sabar ta USB ko ta netwok domin ta kashe kanta cikin tsari, a kuma saita kowace VM a Hyper-V ta rufe da kyau idan mai masauki zai mutu. Wajen tashi a jinkirta VM na fayiloli da minti biyu ko uku, domin na domen ya riga shi.

Kwaso ayyukan

Kafin a taɓa komai a ɗauki cikakken kwafin tsohuwar sabar har da System State, a kuma gwada dawo da shi a wani wuri. Veeam Community Edition kyauta ne har na'ura goma, ya wadatar.

Active Directory shi ne na farko, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe. A tsohuwar sabar a buga dfsrmig /getglobalstate. Domen da aka kafa tun zamanin 2003 aka yi ta ɗaga shi, sau da yawa har yanzu da tsohuwar hanyar FRS yake kwafin foldar SYSVOL mai ɗauke da dokokin domen, kuma 2019 da 2022 ba sa yarda su zama masu kula da irin wannan domen. Gyaran mataki uku ne: dfsrmig /setglobalstate 1, sai 2, sai 3, ana duba /getmigrationstate tsakanin kowane mataki har ya ce an daidaita. Daga na uku babu komawa baya, saboda haka ba a gaggawa. A kuma gudanar da dcdiag a share kurakuran da ya nuna, domin domen mara lafiya ba ya warkewa don an ƙara masa sabuwar sabar.

Bayan nan a ba sabuwar VM adireshin IP tsayayye, DNS ɗinta, wato inda take tambayar adireshin sunayen kwamfutoci, ya nuna tsohuwar sabar, a shigar da ita domen, a ɗaga ta ta zama mai kula da domen da asusun da ke cikin Schema Admins da Enterprise Admins. A tabbatar da repadmin /replsummary cewa babu kuskure, a buga net share a ga SYSVOL da NETLOGON sun bayyana. In ba su bayyana ba, kada a ci gaba, domin ranar da aka kashe tsohuwar, dokokin Group Policy za su tafi da ita. Sai a matsar da muƙaman FSMO guda biyar, wato ayyukan jagorancin domen da ba a rabawa tsakanin sabobi, da Move-ADDirectoryServerOperationMasterRole, a duba da netdom query fsmo.

Agogo ƙaramin abu ne da ke tsayar da ofis. Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga domen, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti biyar tsakanin kwamfuta da mai kula da domen. VM kuwa daga mai masaukinta take ɗaukar lokaci, shi kuma idan yana cikin domen daga gare ta yake ɗauka, sai su yi ta jan juna suna kaucewa. A cire alamar daidaita lokaci a saitin Hyper-V na wannan VM, a nuna mata sabar lokaci ta waje da w32tm.

DHCP, aikin raba wa kwamfutoci adireshin IP, bai da tsawo: Export-DhcpServer tare da -Leases a tsohuwa, Import-DhcpServer a sabuwa, a ba ta izini a domen, a kashe na tsohuwa, a gyara zaɓi na 006 ya nuna sabon DNS. Abin da ake mantawa shi ne na'urorin da aka rubuta wa DNS da hannu, irin su firintoci, na'urar ɗaukar yatsa ta ƙofa, da rikodar kyamarori.

Fayiloli da robocopy ake kwasowa, da /MIR /COPYALL /ZB /R:1 /W:1 /MT:16 da /LOG. /COPYALL ne ke ɗauko izinin wa zai buɗe wace folda. /R:1 da /W:1 wajibi ne, domin in ba a sa su ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan yana jiran daƙiƙa 30 kowane karo, ka dawo da safe ka tarar yana nan inda ka bar shi. /MIR kuma yana goge duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a tushe, don haka wanda ya juya sunayen biyu, foldar da babu komai ce za ta share ta ainihi. A karanta layin sau biyu kafin a danna. A kan waya mai gigabit ɗaya, terabait guda yana cin kamar awa biyu da rabi idan fayilolin manya ne, ƙananan takardu dubu ɗaruruwa kuwa sun fi haka nesa. A yi babban kwafin ana cikin aiki a tsakiyar mako, a maimaita ranar Juma'a da yamma ko Asabar bayan an rufe shiga, lokacin abin da ya canza kaɗai zai ɗauko. Domin gajerun hanyoyin da ke kan teburan ma'aikata su ci gaba da aiki, bayan an cire tsohuwar daga domen ana iya ba sabuwar sunanta a matsayin suna na biyu da netdom computername da /add.

Abin da ke karyewa

Sikana ce ke fara kawo ƙara. Tsofaffin injinan fotokofi masu tura takarda cikin folda, da yawansu SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli ta Windows, kaɗai suka iya, shi kuwa 2022 ba ya zuwa da shi a ɗore. Ana iya kunna shi, amma ta wannan ƙofa WannaCry ya bi a 2017, kuma ba mu ga dalilin buɗe ta a kan sabar da ke riƙe da takardun ofis saboda inji guda ba. A nemi sabuntawar injin daga masu shi, ko a mayar da shi yana turawa ta imel ko FTP. Firintoci kuma tun gyaran tsaron 2021 suna neman izinin admin kafin kwamfutar ma'aikaci ta ɗauki direba daga sabar, saboda haka a shirya zagayawa ko a tura direbobin tun da wuri.

Manhajar da ta nemi .NET 3.5 za ta ƙi ɗoruwa har sai an nuna wa Windows foldar sources\sxs ta cikin faifan ɗorawa. Wannan minti biyar ne. Babbar matsalar ita ce SQL Server, manhajar rumbun bayanai. SQL 2014 da waɗanda suka gabace shi ba sa cikin abin da Microsoft ke goyon baya a kan Windows Server 2022, sai a hau 2019 ko 2022 na SQL, wanda lasisinsa daban ne idan rumbun ya wuce gigabait 10 da Express na kyauta ke ɗauka. Hanyar ɗaya ce: rumbun da aka buɗe a sabon SQL, kwafinsa ba ya komawa tsoho. Sunayen shiga na SQL kuma ba sa bin kwafin rumbun, sai an kwaso su daban da lambobinsu na SID, in ba haka ba manhaja ta ce kalmar sirri ba daidai ba alhali daidai take. Kafin a sayi komai a samu amsar mai manhajar a rubuce, cewa sigar da ke hannunku tana aiki a kan 2022, da kuma nawa zai karɓa ya sake kunna lasisinta a sabuwar na'ura.

Idan mai manhajar ya ɓace, ko ya ce sai an sayi sabuwar siga da kuɗin da babu shi a bana, a nan ne tsarin Hyper-V ke biyan kuɗinsa. A ɗauki hoton tsohuwar sabar da Disk2vhd, a tayar da shi a VM ta Generation 1 idan BIOS da MBR ne, a cire manhajojin kula da tsohon ƙarfe daga ciki. Lasisin Standard ya yarda ɗaya daga cikin VM biyun ta gudanar da tsohuwar siga. Amma sai bayan an sauke ta daga kula da domen ake yin wannan, kuma a killace ta: babu intanet, babu Remote Desktop daga waje, tashar da manhajar ke buƙata kaɗai a buɗe, kamar 1433 ta SQL, ga kwamfutocin da ke amfani da ita kawai. A sa mata ranar sallama a rubuce. A nan Hyper-V yana da rauni guda na gaske: ba ya miƙa wa VM abin da aka soka a USB kai tsaye. Manhajar da makullinta dongul ne na USB tana buƙatar ƙaramar na'urar da ke raba USB ta netwok, kuma a gwada ta kafin ranar ƙaura.

Game da ɗaga tsohon Windows a inda yake, ba mu ba da shawararsa a wannan hali. Daga 2012 R2 ba a tsallakawa zuwa 2022 kai tsaye, sai an ya da zango a 2016 ko 2019, kuma duk tarkacen shekara goma na direbobi da saituna yana biyo ka.

A aikin yau da kullum 2022 ya fi 2016 daɗin zama nesa ba kusa ba, musamman wajen sabuntawar wata-wata, wadda a 2016 takan riƙe sabar tsawon lokaci tana juyi a allon tashi. Yana zuwa da Edge, TLS 1.3 a kunne yake, kuma wanda ya san 2012 R2 ba zai ɓata a cikinsa ba, kusan komai yana inda ya saba gani.

Tsohuwar sabar kada a yi saurin sauke ta. Bayan an kwashe komai a zare mata wayar netwok na mako guda, wanda ya haɗa da ranar biyan albashi ko rufe lissafin wata in zai yiwu, domin a irin waɗannan ranaku ne aikin da aka manta yake fitowa, kamar wani Scheduled Task da ke tura rahoto ko kwafin dare. In shiru, a mayar da wayar, a bari ta daidaita da sabuwar, a sauke ta daga kula da domen ta Server Manager, a share sunanta a DNS da Sites and Services. Faifanta a ajiye su a kulle wata uku da kwanan wata a jiki, sannan a goge su gaba ɗaya kafin na'urar ta bar ofis.